Al'ada Ta Ɗauke, Al'ada Ta Rufe Mini Baki

Ina da shekara 46 a duniya lokacin da na fara farkawa cikin dare jikina sharkaf da gumi, kamar an kwara mini ruwa ina barci. Zafin yakan taso ne daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska har cikin fatar kai, zuciya tana dukan uku-uku, bayan minti uku ko huɗu kuma sai ya sake ni, sanyi ya maye gurbinsa, in rasa lulluɓa zan yi ko yaye mayafi. Sai in lallaɓa in sauka daga gado in canza riga cikin duhu, don kada maigidana ya farka ya yi mini tambayar da ba ni da amsarta. Kusan shekara biyu na yi a haka ban faɗa wa kowa ba, kuma yau da na haura shekara 55, idan na waiwaya, ba zafin jikin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na yi shiru, da kuma yadda aka yi na koyi yin shirun tun kafin in san akwai ranar da zan buƙaci magana.

Malamar makaranta ce ni, na yi karatu daidai gwargwado, na haifi 'ya'ya biyar, kuma ba zan ce ban taɓa jin cewa jinin al'ada yana ɗauke wa mace ba. Na sani, kamar yadda kowa ya san akwai tsufa. Amma a tunanina abu ne na rana ɗaya: wata ya zo, jini bai zo ba, shi ke nan an rufe babi. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa kafin ɗaukewar akwai shekaru na rikicewa, waɗanda jini zai yi wata biyu bai zo ba sannan ya zo da yawan da zai tsorata mace, barci ya ƙaurace, gaɓɓai su yi tsami, mantuwa ta yi yawa, rai ya riƙa ɓaci ba tare da wani dalili na kirki ba. Saboda haka da abubuwan suka zo mini ɗaya bayan ɗaya, ban haɗa su wuri guda ba. Kowanne na ba shi nasa suna. Da jinin ya tsallake wata biyu na ɗauka ciki ne, na yi gwaji a ɓoye ina jin nauyin yadda zan dubi babbar 'yata da ke shirin aure. Da gumin dare ya dame ni na ce zazzaɓi ne, na sha magungunansa har sau uku. Da zuciya ta riƙa bugawa na ce hawan jini ne ya kama ni kamar yadda ya kama mahaifina. Akwai daren da na zauna a bakin gado na tabbatar wa kaina cewa hankalina ne yake shirin gushewa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wadda nake tsaye a gaban allo ina koyar da darasin da na shekara ashirin ina koyarwa, sai kalmar da nake nema ta ɓace mini ɓat, a daidai lokacin kuma zafin ya taso. Na ji gumi yana gangarowa ta bayan kunnena, ɗalibai sun zuba mini ido, wata yarinya a layin gaba ta ce a hankali, "Malama, ko ba ki da lafiya ne?" Na ce mata lafiyata ƙalau, na ba su aikin rubutu, na fita na jingina da bango. A ofishin malamai a wannan rana akwai mata huɗu da suka girme ni, kuma na tabbata yanzu cewa kowaccensu ta san abin da ta gani a fuskata, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Babu wadda ta ce uffan. Ɗaya ta miƙo mini ruwa, ta ce in rage sa damuwa a rai. Ban zarge su ba, domin ni ma da wata ce a matsayina, abin da zan yi ke nan.

A gida kuwa yara suka fara cewa Mama ta canza. Abin da a da zan yi dariya in wuce, sai ya zama abin faɗa. In yi tsawa, in koma ɗaki in yi kuka saboda tsawar da na yi. Maigidana mutum ne mai haƙuri, sai ya ɗauka wani laifi ya yi mini, ya riƙa kewaye-kewaye yana neman ya gano shi, ni kuma ina ƙara janyewa, musamman a shimfiɗa, inda bushewar gaba ta mayar da abin da muka saba da shi shekara da shekaru ya zama mai ciwo. Wannan ma ban faɗa ba. A nan ne na yi abin da ya fi nuna mini zurfin tsoron da nake ciki: bayan jinin ya ɗauke gaba ɗaya ina shekara 49, na ci gaba da sayen audugar mata ina ajiye ta inda na saba ajiyewa, inda zai iya gani. Ban yi masa ƙarya da baki ba, ban kuma bar salla ko sau ɗaya da sunan ina fashi ba, amma na bar audugar tana yi mini ƙaryar. Abin da nake gudu shi ne ranar da zai dube ni a matsayin macen da ta gama amfani.

Daga ina na samo wannan tsoro, alhali mijina bai taɓa furta makamanciyar wannan magana ba? Na daɗe ina yi wa kaina wannan tambaya. Na same shi ne daga maganganun da na girma ina ji ana yi a kan wasu mata: wance ai ta gama, wance ta zama namiji, wance ta tsufa amma ba ta san ta tsufa ba. Na same shi daga yadda ake auna darajar mace da haihuwa tun daga ranar da aka ɗaura mata aure, ana ƙirga mata watanni, ana murna da kowane ciki, har ta yarda a ranta cewa wannan shi ne babban abin da take kawowa gidan. Idan shekara talatin ana yaba wa mace saboda abu guda, ranar da abin ya tsaya dole ta tambayi kanta me ya rage. Kuma abin lura ne cewa a harshenmu kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyun: jinin wata-wata al'ada ne, abin da jama'a suka gada suka saba da shi ma al'ada ne. Ta farkon ta ɗauke mini a lokacinta kamar yadda Allah ya tsara wa kowace mace, ta biyun ce ta tsaya a kaina ta hana ni buɗe baki.

Mahaifiyata ta rasu kafin in kai waɗannan shekaru, amma a cikin dararen da barci ya ƙi zuwa na riƙa tuna ta. Na tuna ina budurwa, in fito tsakar dare in same ta zaune a waje ita kaɗai tana fifita, ko a lokacin sanyi, in na tambaye ta sai ta ce iska take sha, in koma in kwanta. Na tuna cewa a waɗannan shekaru ne dangi suka fara cewa Inna ta yi zafin rai, har wasu suka ba da shawarar a nema mata taimako wai ko an yi mata wani abu ne. Mu 'ya'yanta muka riƙa kauce mata. Sai da na zauna a bakin nawa gadon ina fifita da murfin littafi na gane abin da take ciki, shekara talatin bayan lokacin da ganewar za ta yi mata amfani. Wannan yana daga cikin abubuwan da har yanzu idan na tuna sai idona ya ciko.

Mutum ta farko da na fara buɗe wa ciki ita ce ƙanwar mahaifina, wadda a lokacin ta haura saba'in. Na kai mata ziyara, muna zaune zafin ya taso mini, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, abin ya zo ke nan?" Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ashe kin sani?" Ta ce, "Wace mace ce ba ta sani ba? Kowa da kika gani ta yi. Haƙuri ake yi, ba a faɗa." Na ji sanyi a raina da na san ba ni kaɗai ba ce, amma bayanin da ta biyo da shi ya ƙara mini wani tsoron. Ta ce jinin da ya daina fita taruwa yake yi a jiki, shi ne yake hawa kai ya zama zafi, ya sauka gwiwa ya zama ciwo, kuma macen da ta kai wannan matsayi gara ta ja jiki daga mijinta, domin abin da a da jini yake wankewa yanzu zama zai yi a ciki ya kumbura ta. Da zuciya ɗaya ta faɗa mini, abin da aka faɗa mata ne ita ma, kuma da shi ta rayu. Na koma gida ina shafa cikina ina jin kamar ya fara girma.

Babbar 'yata, wadda ta karanci aikin jinya, ita ce ta matsa mini na ga likita, bayan ta kwana a ɗakina wani dare ta ga yadda nake tashi. Likitar mace ce, ta saurare ni har na gama, ta sa aka auna jinina don a tabbatar ba ƙarancin jini ba ne ko matsalar tayirod, wani sashen jiki da ke gaban wuya mai samar da sinadari, tunda alamominsu kan yi kama, sannan ta jawo takarda ta yi mini zane. Ta ce ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayen haihuwarta gaba ɗaya, tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu, suna raguwa tun daga lokacin, har su kusan ƙarewa a wajajen shekara hamsin. Yayin da suke ƙarewa, sinadarin istrojin da ma'ajiyar ƙwan take samarwa yakan yi ta hawa da sauka kafin ya yi ƙasa ya zauna, kuma wannan hawa da saukar ne yake rikita sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, sai ya ɗauka jiki ya yi zafi fiye da kima, ya buɗe hanyoyin jini na fata, ya saki gumi. Game da maganar Gwaggo kuwa, ta ce babu wani jini da yake taruwa, domin jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce da ake ginawa duk wata, idan sinadarin ya ragu ba a gina ta, don haka babu abin da zai fita kuma babu abin da ya maƙale. Ta ce yawancin mata a duniya suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba; kafin nan mace tana iya ɗaukar ciki. Bayanin bai ɗauki rabin awa ba. Na fito ina lissafin shekarun da na yi cikin fargaba saboda rashin wannan rabin awar, na yarda cewa rashin sani ya fi dare duhu.

Daga nan na kama karatu a kan lamarin, 'yata tana kawo mini abin da ta samu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gano cewa ba duk matan duniya ne suke shiga wannan mataki ta ƙofar da na shiga ba. A shekarar 1975 wata mai nazarin al'ummomi, Marcha Flint, ta wallafa abin da ta gano a tsakanin mata 483 'yan ƙabilar Rajput a Indiya. Matan nan suna rayuwa ne cikin tsananin kulle da lulluɓi muddin suna ganin jini, amma da zarar ya ɗauke sai a sassauta musu, su fito su zauna cikin jama'a, a yi hira da su, a saurari ra'ayinsu. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka yi ƙorafin wata damuwa in ban da sauyin zuwan jinin kansa. Jiran lokacin suke yi. Wata mai binciken, Yewoubdar Beyene, ta zauna da matan Maya a wani ƙauye na yankin Yukatan a Meziko, mata masu yawan haihuwa da doguwar shayarwa, ta tarar ba su kawo maganar wannan zafi mai tasowa ba sam, kuma suna ɗaukar ɗaukewar jini a matsayin hutu daga ɗaukar ciki. Da ta kwatanta su da matan ƙauye a tsibirin Ebiya na ƙasar Girka, sai ta ga su waɗannan suna jin zafin, amma ba sa ɗaukarsa ciwon da za a kai wa likita, abu ne mai wucewa a wurinsu.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne aikin Margaret Lock ta Jami'ar McGill da ke Kanada, wadda a shekarun 1980 ta tambayi matan Japan fiye da dubu, masu shekara 45 zuwa 55. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai suka ce sun ji zafin a makonni biyun da suka gabata, alhali a Kanada da Amurka kusan ɗaya cikin uku ne. Abin da matan Japan suka fi kuka da shi shi ne sanƙarewar kafaɗa da ciwon kai. Kalmar da suke amfani da ita, konenki, ba ta nufin tsayawar jini kaɗai, tana nufin wani dogon zango na sauyin rayuwa da mutum yake ratsawa a hankali. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mace a can tana da sunan da za ta kira shekarun da take ciki, suna wanda ba zagi ba ne, ni kuwa duk kalmomin da na gada a kan lamarin ko dai na rashi ne, ɗaukewa da yankewa da gamawa, ko kuma na habaici.

Sai dai ina so in yi hattara a nan, domin akwai wanda zai karanta wannan ya ce ashe duk abin a tunani yake, mace ta gyara tunaninta ta huta. Wannan zalunci ne, kuma ni da na jiƙa zanen gado da gumi ba zan yarda da shi ba. Su kansu masu binciken ba su ce haka ba. Sun nuna cewa gado, da yawan haihuwa, da irin aikin da mace take yi, da abin da take ci, da nauyin jikinta, duk suna da hannu, kuma binciken da aka yi a Japan daga baya ya samu masu jin zafin sun fi na farko yawa. Akwai kuma babban binciken da aka fara a Amurka a 1996, wanda ya bi mata 3,302 shekara da shekaru. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna cewa a tsakanin masu yawan fama da zafin da gumin dare, matsakaicin tsawon lokacin ya kai shekara bakwai da 'yan watanni, amma ga baƙaƙen fata ya kai shekara goma, yayin da na 'yan asalin Japan da Sin bai wuce biyar da ɗoriya ba. Da na karanta wannan sai na tuna Inna da maficinta. Ba raki take yi ba, ba kuma zafin rai ba ne. Abin da na fahimta shi ne jiki yana da nasa aikin da ba ya neman izinin kowa, amma jama'ar da mace take cikinsu su ne suke yanke ko za ta faɗa, ko za a yarda da ita idan ta faɗa, ko za a nema mata magani, da kuma ko za ta ɗauki kanta wadda ta ƙaru ko wadda ta ragu. Akwai ma tambayar da nake yi duk lokacin da na ji an ce matan wuri kaza ba sa ƙorafi: da a ce wani mai bincike ya zo ya tambaye ni a waɗancan shekaru biyu, da lafiya lau zan ce masa, kuma da ya rubuta ni cikin waɗanda ba su da matsala.

Wani abin da ya warware mini ƙulli ya zo ne daga wajen malamarmu ta karatun Alƙur'ani. Na taɓa jin ana kiran wannan lokaci da Larabci sinnul ya'asi, wato shekarun yanke ƙauna, kuma sunan ya daɗe yana yi mini nauyi, kamar addini ma ya tabbatar da cewa mace ta zo ƙarshe. Da muka zo aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka ambaci matan da suka yanke tsammani daga haila aka sanya iddarsu wata uku, na yi ƙarfin hali na tambaya. Malama ta ce, "Hajiya, dubi ayar da kyau. Daga haila aka ce sun yanke tsammani, ba daga rayuwa ba, ba kuma daga rahamar Allah ba. Kuma tunda aka yi musu hukuncin idda, ai an nuna mata ne masu aure, waɗanda za su iya sake wani auren." Ajin ya yi tsit, sai ga wata dattijuwa a bayana tana share hawaye. A shekarar ce na yi azumin watan Ramadan tun daga farko har ƙarshe ba tare da na sha ko ɗaya ba, karo na farko tun ina 'yar shekara goma sha uku in ban da lokutan ciki, na tsaya sallar dare a goman ƙarshe ba tare da ina lissafin kwanaki ba. Gwaggo da ta ce mini haƙuri ake yi ba ta ambaci wannan ba, kuma na yi mamakin yadda muka riƙe labarin rashin muka bar labarin samun.

Faɗa wa maigidana shi ne mafi wuya. Na zaɓi wani dare bayan yara sun kwanta, na ce, "Alhaji, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maka." Na ga fuskarsa ta canza, domin ya ɗauka mummunan ciwo likita ta gano. Da na gama bayani, har da maganar audugar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yanzu saboda wannan kika bar ni shekara uku ina neman laifin da na yi miki?" Ya ce shi bai san komai a kan lamarin ba, bai taɓa jin wani namiji ya yi maganarsa ba, kuma da ya ga ina gudunsa ya ɗauka na gaji da shi ne. A nan na gane cewa shirun da aka koya mini bai tsaya a kaina ba, ya cuci mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Na san ba kowace mace ce za ta samu irin amsar da na samu ba. Na san matan da tsoronsu ya tabbata, waɗanda aka mayar gefe a gidajensu daidai lokacin da suka fi buƙatar a ja su a jiki, kuma ba zan ce musu tsoron nasu banza ne ba. Amma ko a irin waɗannan gidaje, ina ganin jahilcin namiji a kan abin da ke faruwa da matarsa yana ƙara wa wutar fetur.

Game da magani, likitar ta shimfiɗa mini zaɓi ba tare da ta tilasta mini ba. Ta yi mini bayanin maganin maye gurbin sinadarin da ya ragu, da yadda mata da likitoci da yawa suka guje shi bayan 2002, lokacin da aka dakatar da wani sashe na babban bincike a Amurka saboda an ga ƙarin haɗarin sankarar mama da gudajin jini da shanyewar ɓarin jiki. Ta ce matsakaicin shekarun matan da aka yi binciken a kansu 63 ne, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai sittin ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar jini ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin, matuƙar likita ya duba tarihinta. Saboda yayata ta yi fama da sankarar mama, muka bar wannan, ta ba ni wani maganin da ba na sinadarin ba wanda ya rage mini zafin, da man shafawa da ya magance bushewar. Ta kuma ja kunnena a kan ƙashi, domin raguwar istrojin tana sa ƙashi ya yi saurin zaizayewa, da kuma zuciya, wadda haɗarin ciwonta yake ƙaruwa bayan wannan mataki. Tun daga lokacin nake tafiyar ƙafa kowace safiya, nake kuma auna hawan jini a kai a kai.

Akwai gargaɗi guda da ta maimaita mini sau biyu, wanda na so a ce ya isa kunnen wata abokiyar aikina da wuri: duk jinin da mace ta gani bayan ta yi shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, a je asibiti. Sau da yawa ba wani abin tsoro ba ne, amma yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa, wadda ake iya magancewa idan an gano ta da wuri. Abokiyar tawa tana cikin mata huɗun nan da ke ofis ranar da na jingina da bango, ita ce ma ta miƙo mini ruwa. Shekara uku bayan jininta ya ɗauke sai ya dawo, ta yi murna a ɓoye, ta ɗauka ƙuruciya ce ta waiwayo ta, ta yi wata takwas ba ta faɗa wa kowa ba. Lokacin da ciwo ya tilasta mata zuwa asibiti abin ya yi nisa. Na je duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Kunya ce ta hana ni, Malama. Da wane baki zan ce tsohuwa kamata tana ganin jini?" Allah ya jiƙanta da rahama. Kunya adon mace ce, haka aka koya mana kuma ban musa ba, amma kunyar da ta hana baiwar Allah nan zuwa wurin likita ba ita ce wadda addini ya yaba ba.

Bayan rasuwarta ne na daina jiran a tambaye ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mata masu shekara 50 zuwa sama sun kai kashi 26 cikin ɗari na dukan mata da 'yan matan duniya, wato fiye da ɗaya cikin huɗu, kuma a ofishinmu kaɗai ina iya ƙirga waɗanda suke gab da shiga abin da na fito. Watannin baya na ga wata ƙaramar malama, ba ta fi shekara 44 ba, ta fito daga aji tana goge wuya da gefen mayafi, idonta ya yi zuru-zuru irin na wadda ba ta yi barci ba. Na ɗebo ruwa kamar yadda aka yi mini, na miƙa mata, amma ban koma kujerata ba. Na jawo wata kujerar na zauna kusa da ita, na rage murya na ce, "Ƙanwata, daga ƙirji yake tasowa ya hau fuska, ko?" Ta ɗago da sauri ta dube ni, ta waiga ta ga ko akwai mai jin mu, sannan ta ce, "Yaya, wallahi na ɗauka mutuwa zan yi." Aka buga ƙararrawar shiga aji muna zaune, na aika a gaya wa ɗalibaina su fara karanta shafin da muka tsaya, na ce mata ta fara mini daga farko, tun daga watan da jinin ya fara yi mata wasa.